Kilonfish biyu a zafin Kano: tankin lita nawa ya dace?

Nura, Kabuga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in kai wa mai gilashi awo. Ina so in fara kiwon kifin ruwan gishiri, kilonfish ɗin nan mai ruwan lemo da ratsin fari uku, guda biyu kacal. Wurin da na ware a falo tsawonsa bai wuce santimita 70 ba. Wani ya ce min tankin lita 30 ya wadatar tunda kifin ɗan ƙarami ne, wani kuma ya ce in ba lita 200 ba kada ma in fara. Kifin ruwan daɗi kawai na sani. Wanne zan bi?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin maganar lita, ka tabbatar da irin kifin tukuna, don kilonfish iri-iri ne, sun kusa talatin. Wanda ka siffanta ko dai oselaris ne ko perkula, a takardar masu shigo da shi za ka ga Amphiprion ocellaris ko Amphiprion percula. Waɗannan galibi ba sa wuce santimita 8 a tanki, kuma sun fi sauran sauƙin hali. Ga mace da namijinsu, mafi ƙarancin da masu kiwo suka amince da shi shi ne galan 20 na Amurka, wajen lita 75 ke nan. Akwai kuma marun, ja wur mai duhu da ƙaya a kumatu, macensa kan kai santimita 15 zuwa 17 kuma har hannun mai tanki take cizo. Shi da wasu irin kilonfish biyu, kilaki da mai kalar tumatir, lita 115 ne farkon maganarsu.

Amma ka sani lita 75 ɗin nan an faɗe ta ne ga gidan da wuta ba ta yankewa kuma ɗaki na zaune a digiri 24. Mu a nan ba tsawon kifi ne ke yanke girman tanki ba, watan Afrilu ne ke yankewa. Da santimita 70 ɗinka, ka sa a yanka maka tsawo 60, faɗi 45, zurfi 45. Ka ninka ukun ka raba da 1000, lita 121 ke nan.

Ummi, Zoo Road:
Malam, ina da ja kaɗan. Kilonfish ba mai yawo ba ne. Ko a teku, inda ya kama nan yake wuni, yana 'yar rausayarsa a kusa da gidansa. A tanki ma zai zaɓi kusurwa ɗaya ko gefen famfo ya manne. Mutane da yawa a duniya suna riƙe da biyu a lita 40 zuwa 50 shekara da shekaru. Gishirin nan daga waje ake kawo shi, da dala ake sayensa. Me zai sa mai farawa ya ɗora wa kansa ninki uku na kuɗi?

Malam Habu:
Gaskiya kika faɗa a kan halin kifin, Ummi, wajen iyo lita 40 ta ishe shi. Ruwan ne ba ya isa. Kashin kifi da ragowar abinci ammoniya suke zama, ita kuwa ammoniya a ruwan teku ta fi dafi, saboda pH ɗinsa, wato awon tsami ko kanwar ruwa, sama yake, 8.1 zuwa 8.4, kuma zafi na ƙara mata ƙarfi. Tsunkule ɗaya na abinci da yaro ya ƙara a ɓoye, a lita 40 sai ya tayar da ma'auni, a lita 120 ko gezau. Masu riƙe da ƙananan tankunan nan sun riga sun ƙware, kuma na'ura ce ke cika musu ruwan da ya ƙafe.

Injiniya Sadiƙ:
Bari in sa lissafi a kai don Nura ya gani da idonsa. Abin da ake so gishiri ya tsaya a kai shi ne giram 35 a kowane kilo na ruwa, a ma'aunin gishirin ruwa za ka karanta 1.025 ko 1.026. Ruwa na tashi sama, gishiri ba ya tashi. Kuma ƙafewa ba da yawan lita take tafiya ba, da faɗin saman ruwa take tafiya, shi ya sa zurfi ke da muhimmanci. A ce da hunturu, ko lokacin da fanka ke busa saman ruwan, santimita ɗaya ta sauka a rana. Tankin lita 30 ruwansa bai fi zurfin santimita 25 ba, ya yi asarar kashi 4 cikin 100, gishiri ya tashi daga 35 zuwa 36.5. Mai zurfin 40 kashi 2.5 ya rasa, ya tsaya a 35.9. Yanzu ka yi tafiyar kwana uku zuwa biki ba wanda ya cika maka: ƙaramin ya doshi 40, babban bai kai 38 ba. Ka dawo ka juye ruwa lokaci guda, gishirin ya faɗo cikin minti ɗaya. Wannan hawa da saukar ne ke karya garkuwar kifin, bayan mako guda ka ga fararen ɗigo a jikinsa ka ce daga ina.

Sai zafi. Digiri 24 zuwa 27 ake so, 28 ana lallaɓawa, daga 30 zuwa sama haɗari ne in ya daɗe. A Kano daga Maris zuwa Mayu waje na kai 40, ɗaki mai rufin kwano da yamma sai ka ji bango na huci. Ruwa mai yawa a hankali yake ɗumama, kafin ya kai ƙololuwa rana ta faɗi. Ƙarami kuwa ɗakin kawai yake bi. Ko wajen sanyayawa haka ne: gorar ƙanƙara mai lita ɗaya da rabi, a lissafi, za ta sauke ruwa lita 95 da abin da bai kai digiri 2 ba, amma a lita 25 sama da digiri 6 za ta sauke. Wannan kaɗai ya isa ya kashe kifi.

Nura, Kabuga:
Injiniya, me ya sa kuka ce lita 95? Ai Malam 121 ya ce.

Injiniya Sadiƙ:
121 awon waje ne. Cire kaurin gilashi, cire santimita 3 da za ka bari a sama, saura wajen 106. Dutse kilo 10 zuwa 12 da yashi mai kaurin santimita 2 zuwa 3 za su ci wajen lita 10. Ruwan gaskiya lita 95 ne ko kusa da haka, kuma da shi za ka riƙa auna gishiri da magani. Haka mai lita 30 ɗin, da ƙyar ruwansa ya kai 24.

Hajiya Rabi, Tarauni:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ina tare da Malam Habu a kan 120, amma kada a bar maganar Ummi ta faɗi ƙasa banza, domin wanda ya ce wa Nura lita 200 ko fiye shi ma bai yi masa adalci ba. Babban tanki da ba ka iya canza masa ruwa ya fi ƙaramin da ake kula da shi lalacewa. Ga lissafin ɗawainiya, Nura. Gishirin akwariyom, wato na musamman da ake haɗawa don tankin kifi, giram 36 zuwa 38 yake ci a lita. Cikawar farko kilo uku da rabi. Canjin ruwa kashi 10 cikin 100 duk mako, lita 10 ke nan, giram 370. A shekara kusan kilo 20, bokiti guda. In ka je lita 300 ka ninka wannan sau biyu da rabi, ka ƙara da jarkokin da za ka riƙa ɗauka.

Kuma don Allah kada wani ya ce maka gishirin girki ko na kasuwa zai yi. Shi sodiyom kulorayid ne zalla. Ruwan teku na da magniziyom da kalsiyom da fotasiyom da sinadaran da ke riƙe pH, duk an haɗa su a cikin na akwariyom. Da gishirin miya kifin ba zai yi nisa ba.

Ruwan da za ka dama shi ma abin dubawa ne. Na famfo akwai kilorin, na burtsatse akwai abin da ƙasa ta narkar masa, wani wurin har da naitiret, sinadarin da ƙazanta ke rikiɗewa ta zama, mai yawa saboda kusancin masai. Ruwan RO ake so, wato wanda na'ura ta tace ta cire abubuwan da suka narke a cikinsa. Sayi ɗan ma'aunin TDS, mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, kamar biro yake, ka tsoma. Ƙasa da 10 ya yi, sifili ya fi. Ruwan leda kada ka yarda da shi sai ka gwada, wani an tace shi da RO wani ba a yi ba. In za ka sayi na'urar RO ta gida, ka sani a kan kowace lita mai kyau tana zubar da uku ko huɗu, sai ka tara wancan don shara da ban ruwan shuka. Cikon ruwan da ya ƙafe kuma da RO zalla ake yi, ba a sa masa gishiri. Nan ne masu farawa suka fi yin kuskure.

Ummi, Zoo Road:
To na yarda da lissafin, Hajiya. Amma in mutum na da AC a kan sola, ɗaki ba ya wuce 26, kuma ya sa na'urar ciko, har yanzu ina ganin lita 60 zuwa 75 za ta riƙe oselaris biyu lafiya, matuƙar bai ƙara musu kowa ba.

Malam Habu:
Da waɗannan sharuɗɗan ban musa miki ba. Sai dai mutum ya tambayi kansa: ranar da inbata ta ƙi, awa nawa ya rage min? Ƙaramin tanki awa biyu ko uku zai ba ka da tsakar bazara. Kuma “bai ƙara musu kowa ba” ɗin nan da wuya ta ɗore, bayan wata uku zuciya za ta so ƙari. A lita 120 akwai wurin ƙaramin kifin gobi guda da 'yan dodon koɗi masu cin gansakuka. A 60 babu.

Baba Ɗanlami:
Yaro, ga abin da za ka gaya wa mai yanka. A zurfin 45 da tsawon 60, gilashi mai milimita 8. Shida na iya riƙewa in an yi masa ɗamara a baki, amma bambancin kuɗin bai kai a yi kasada ba. A goge bakin kowane gilashi, a share da sifirit kafin a sa gam. Silikon ya zama zalla, wanda aka rubuta na akwariyom. Na banɗaki da kicin akwai maganin fumfuna a ciki, guba ne. A bar shi ya bushe mako guda, sannan a cika da ruwan famfo a tsakar gida a kan jarida busasshiya, kwana biyu. In akwai yoyo jaridar za ta nuna.

Teburi kuma ba na talabijin ba. Gilashin kansa wajen kilo 24 ne, ruwa kusan 97, dutse da yashi 20. Ka ɗauka buhun siminti uku ne za su zauna wuri ɗaya shekaru. Je Ƙofar Ruwa ka sayi ƙarfe mai kusurwa huɗu, inci ɗaya da rabi, mai walda ya haɗa, a yi masa jan fenti na hana tsatsa sannan a bi da fentin mai, a shafa sau biyu. Ruwan gishiri ba ya barin ƙarfe. Za ka ga wani farin ɓawo na taruwa a bakin gilashi da jikin wayoyi kamar kanwa, duk inda ruwa ya fantsama ya bushe. In ya samu soket sai wuta ta bi shi. Soket ya kasance sama da tanki ko can gefe, kowace waya a lanƙwasa ta ta sauka ƙasa kafin ta hau, don ɗigon ruwa ya sauka a gwiwar.

Nura, Kabuga:
Na gode Baba. To in na ƙara zurfin zuwa 60 fa? Lita 160 ke nan ba tare da na ci wuri ba.

Baba Ɗanlami:
A'a. Zurfi ne ke ƙara matsin ruwa a gilashi, sai ka koma milimita 10, kuma hannunka ba zai kai ƙasa ba wajen shara.

Injiniya Sadiƙ:
Ƙari a kan na Baba: iskar da kifi ke shaƙa ta saman ruwa take shiga. Ka ƙara zurfi, saman yana nan yadda yake, ruwan da ke jiran iska ya ƙaru. Dama ruwan gishiri ya gaza na daɗi wajen riƙe iska da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ruwa mai ɗumi kuma ya gaza mai sanyi. Na ce zurfi na taimako wajen gishiri, amma 45 ta biya wannan buƙatar. Da wuri ya ba ka dama, 80 da 40 da 40 ko 90 da 45 da 45 sun fi, sai dai bangonka 70 ne.

Tunda an zo nan, ga maganar wuta. In an ɗauke, abin da ke fara kashe kifi tsayawar ruwa ne. Za ka gan su sun hauro sama, baki a buɗe, marfin kunne na bugawa da sauri. Ƙwayoyin da ke cinye ammoniya a jikin dutse su ma iska suke so. Don haka famfon kaɗa ruwa da filta su hau inbata, fitila da hita su tsaya a layin gari. Famfon ya riƙa juya ruwan tankin sau 10 zuwa 20 a awa, wato mai lita 1000 zuwa 2000 a awa, bakinsa na kallon sama kaɗan har ka ga saman ruwa na rawa. Su biyun da ƙaramar fanka ba za su wuce wat 30 ba. Batir 12V mai 100Ah, in rabinsa kawai kake ja don ya yi ƙarko, zai kai ka awa 16 zuwa 18. Ka ajiye famfon iska mai batir kusa, a matsayin na ko-ta-kwana.

Sanyaya ruwa kuwa, busasshiyar iskarmu alheri ce: ƙaramar fanka a bakin tanki na iya sauke digiri 2 zuwa 3 da bazara. Farashinta ciko kullum, lita biyu ko uku. Da damina in iska ta yi laima aikinta na raguwa, amma lokacin zafin ma ya sassauta. Da hunturu kuma dare na sauka ƙasa da digiri 15 a waje, dole hita mai wat 100, a saita ta a 25.

Hajiya Rabi, Tarauni:
Murfi fa kada a manta. Kilonfish na tsalle, musamman da dare in ya firgita. Da zafi a sa murfin raga don fanka ta yi aiki. Da hunturu a ɗora gilashi ko roba mai haske ya rufe kashi uku cikin huɗu, ya tare ƙura, ya riƙe ɗumi, ya rage ƙafewa. Sannan tunda falo ne, a gaya wa mutan gida: ba fesa maganin sauro, ba fiya-fiya, ba kunna na hayaƙi a ɗakin. Ɗan kaɗan ke kashe kifi. Turaren wuta ma a kai kaskon wani ɗakin, famfon iska duk abin da ke ɗaki yake zuƙa ya tura cikin ruwa. Haka hannu mai man shafawa ko humra, a wanke da ruwa zalla har gwiwar hannu kafin a tsoma.

Aliyu, Hotoro:
Ina bin ku tun ɗazu. Tambayata animoni, wannan mai yatsu da kifin ke kwanciya a ciki. Lita 120 za ta ɗauke shi? Kuma in tanki ya kai haka, me zai hana a sa kilonfish huɗu?

Malam Habu:
Malam Aliyu, kilonfish ba ya buƙatar animoni a tanki. A teku kariya yake samu daga masu cinsa, a gilashi ba mai farautarsa. Waɗanda aka ƙyanƙyashe a gona ma ba su taɓa ganinsa ba. Animoni na son fitila mai ƙarfi, ita kuma zafi take ƙarawa, yana son tankin da ya yi wata shida zuwa shekara yana aiki, yana tafiya da kansa ya faɗa bakin famfo, in ya mutu kuma cikin dare guda ya ruɓar da ruwan gaba ɗaya. Lita 120 na ɗaukar mai kumburin kan yatsu, Entacmaea quadricolor, amma ba ga wanda bai ga bazara guda da tankinsa ba. Ka kifa ƙaramar tukunyar ƙasa sabuwa a gefe, za su mayar da ita gida, har ƙwai sukan saka a jikinta.

Huɗu kuwa a'a. Duk kilonfish da ya balaga namiji yake fara zama, wanda ya fi ƙarfi ya rikiɗe mace, na biyu ya zama mijinta, kuma mace ba ta komawa namiji. Da zarar biyun sun haɗa kai sai su tasa sauran a gaba, a tsukakken wuri ba inda za su gudu, har su daina cin abinci su mutu. Sayi ƙanana biyu iri ɗaya, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Makon farko za a yi kora. In ka ga ƙaramin ya karkata gefe jikinsa na karkarwa kamar mai jin sanyi a gaban babban, ba ciwo ba ne, mubaya'a ce, magana ta ƙare. Manya biyu daga tankuna daban kada ka haɗa, wataƙila duk mata ne.

Hajiya Rabi, Tarauni:
Nura, kada ka yi odar kifi ranar da tanki ya iso. Kilonfish ba ya Tekun Atilantika, na Tekun Indiya da Fasifik da Bahar Maliya ne, ko na Legas shigo da shi aka yi, ya riga ya sha hanya kafin ya sauka Kano. Tankin ya yi mako 4 zuwa 6 ba kifi, don ƙwayoyin da ke cinye ammoniya su hayayyafa. Ka sa dutse da yashin aragonait, wato na musamman na tankin ruwan gishiri, ba yashin gini ba, ba marmara ba. Ka jefa ɗan guntun ɗanyen jatan lande ya ruɓe, ka riƙa gwaji duk kwana biyu. Ammoniya za ta hau ta sauka, naitirait, gubar da ammoniya ke rikiɗewa ta zama, ya biyo ta ya sauka, sannan naitiret, wanda shi ne matakin ƙarshe, ya bayyana. Sai biyun farko sun koma sifili, ka canza ruwa naitiret ya sauka ƙasa da 20 a ma'aunin gwaji, sannan kifi. Ka nemi na gona, kuma ka duba fatarsa: in ka ga farin yauƙi kamar an shafa masa koko, ga numfashi sama-sama, ka bar shi, ciwon burukinela ne, cikin kwana biyu yake kisa. Lokacin kawowa ya fi kyau daga Nuwamba zuwa Janairu ko tsakiyar damina. Kwali da kifi a tasha da rana a Afrilu ba ya kai labari.

Ummi, Zoo Road:
Tankin lita 30 ɗin da aka ba shi shawara ma yana da amfani, ya yi na killace sabon kifi mako huɗu, ba yashi ba dutse, sai guntun bututun roba na ɓuya da filtar soso. A nan ake sa magani, ba a babban ba, don maganin jan ƙarfe dutse na shanye shi kuma yana kashe dodon koɗi.

Nura, Kabuga:
Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. 60 da 45 da 45, milimita 8, teburin ƙarfe. Gobe in sha Allahu zan kai awon. Zan cika shi a Satumba, kifi ya zo Nuwamba.

Baba Ɗanlami:
Allah ya sa albarka. Ka ce wa mai walda saman teburin ya zama 62 da 47, ya ɗora falanki mai kaurin milimita 18, kai kuma ka shimfiɗa farin soson kwali mai santimita ɗaya kafin tanki ya hau. Ka zuba ruwa santimita biyar tukuna, ka auna da tef a kusurwa huɗu. In wata kusurwa ta fi wata da milimita biyu, ka kwashe ruwan ka cusa ɗan guntun ƙarfe ƙarƙashin ƙafar teburin, kada ka cusa komai ƙarƙashin gilashin.